Taken Mahaifiyarki

Sandamu,
Talata, saura kwana goma sha ɗaya.

Zuwa ga Barakatu, sanyin idona, farin watan da nake duba, ruwan randa a tsakar ranar bazara, wadda sunanta ya fi zuma zaƙi a bakina, yau kuma nake jin nauyin kiransa saboda abin da na aikata. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wanda bakinsa ya mutu, sai alƙalami ya rage masa. Yau kwana goma sha tara rabon da in sa ki a idona. Sau shida ina zuwa ƙofar gidanku bayan la'asar, in yi sallama, in gyara hula, in tsaya ina kallon kaji, sai ƙawarki Maijidda ta leƙo ta ce kina aiki. Wane irin aiki ne wannan, ya abar ƙaunata, da ba ya ƙarewa? Ko wankin unguwa duka aka tara miki, ai da yanzu ya bushe an ninke. Na san ba aiki ba ne. Na san fushi ne, kuma kin fi ni gaskiya, shi ya sa na zauna in rubuta miki komai, har da abin da ba ki sani ba.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Ni kam ko an shafe mini tunani, wannan ba zai goge ba. Ƙarshen damina ne, kin zo gidanmu sayen ƙuli-ƙuli wurin Inna, da kwanon sha a hannunki. Baba yana zaune a zaure yana gwada sabon tantani da ya sa wa kalangunsa. Ya ɗaga kai ya dube ki, bai tambayi ko 'yar wa ce ba, sai ya matse kalangun a hammata ya ɗauki gula ya saki wani kiɗa da ban taɓa kula da shi ba. Ni ina ɗaki ina duba littattafan 'yan ajina, na taso da niyyar in ce masa ya rage ƙara, kamar yadda na saba yi, Allah ya yafe mini. Sai na tarar kwanonki a ƙasa yana juyi, ke kuma kin dafa bango, hawaye na zuba, bakinki na dariya. Baba ya ce, "Ke 'yar Shatu ce. Ko a kasuwar Daura na gan ki sai na gane." Wayyo ni! A nan tsaye, da jan biro a hannuna, zuciyata ta fita daga ƙirjina ta bi ki, har yau ba ta dawo ba.

Daga baya kika ba ni labari. Kika ce a zamanin da 'yan mata ke fita dandali, kowace fitacciya da takenta, kiɗan da in an buga, ko tana bayan gari ta san da ita ake. Wannan shi ne taken mahaifiyarki, Baba ne ya tsara shi tun tana budurwa. Ta rasu kina da shekara biyar. Kika ce fuskarta ta ɓace miki, babu hoto, babu ko ɗankwali da aka ajiye miki, amma kina tuna ta goye da ke tana rera wannan kiɗa da hanci. Shi ke nan gadonki, kuma a hannun ubana yake.

Da aka sa rana, sauran 'yan mata sai su zo da jerin buƙatu kamar za a buɗe kanti. Ke kuwa, a gindin dalbejiyar ƙofar gidanku, kanki a sunkuye, kina wasa da bakin mayafi, abu ɗaya kika ce: "Malam, ni ba na son lasifika, ba na son fati. A kaɗa mini taken Innata lokacin da za a fita da ni, ko sau ɗaya ne, ta raka ni ɗakina." Na buga ƙirji, na ce wannan ai kamar an yi an gama, mai kiɗan ma a gidanmu yake kwana. Ina ma harshena ya ƙage a lokacin, da in yi alkawarin da zan ci amanarsa cikin wata guda!

Bari in faɗa miki yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba. Abokaina sun zauna a shagon Musaddiq, babban abokina, ranar wata Juma'a bayan an sauko, don a tsai da shawarar shagalin biki. Kin san halin da ake ciki tun da aka ƙaddamar da Shari'a shekara biyu da suka wuce, kowa yana taka-tsantsan. Musaddiq ya ce a ɗauko manyan lasifiku da janareta daga shagon Boniface a Daura, a sa kaset, a yi da rana kowa ya watse kafin magariba. Zakiyyu ya ce a'a, a kira 'yan mandiri, yabon Annabi babu mai iya cewa uffan. Wani ya ce 'yan Islamiyya su yi waƙe, malam ya yi wa'azi, a ci walima, a huta da surutun mutane. Wani kuma ya kawo labarin wani ƙauye da aka ce matasa masu hana kiɗa sun tsai da biki, ko gaskiya ne ko ƙarin gishiri oho. Aka yi ta ja har shayi ya huce. Babu wanda ya ambaci kalangu, don sun san yadda fuskata ke canzawa in an ambata. Ni ma da na zo da maganar a bakina, sai na haɗiye ta, na ce a bari in yi tunani.

Ga ciwon da ban taɓa nuna miki ba, ya ke haskena. Tun ina aji uku yara ke kirana ɗan maroƙi. In na yi kuskure a lissafi, a ce kai ai kiɗa ne gadonku. Da na tafi makarantar horon malamai, duk wanda ya tambayi sana'ar ubana sai in ce manomi ne. Kalangun nan shi ya ɗinka mini kayan makaranta, shi ya saya mini takalmin farko, amma ban taɓa yarda na ɗora hannu a kansa ba. Na zama Malam Zailani mai biro uku a aljihu, ina tafe ina tsoron kada a ji ƙamshin tantani a jikina.

Da wannan ciwo na shiga zauren mahaifinki gaisuwa. Kin san kwarjinin Malam Harisu: farin gemu, littattafai a gefe, mutumin da yake jan unguwa salla in liman ba ya nan. Na durƙusa, kaina a ƙasa. Bayan gaisuwa sai ya tambaye ni me muka shirya na shagali. Kunnena ya ji tambaya, zuciyata ta ji tarko. Na ce walima ce kawai da wa'azi. Sai ya ce, mahaifinka Malam Maliki fa, ba zai ɗan taɓa ba? Barakatu, da na ce sai abin da Malam ya gani, da an wuce wurin. Amma shaiɗan ya hau harshena, ina so in fito fes a idon surukina, sai na ji bakina yana cewa ai Baba ya tuba da kiɗa. Mahaifinki ya ce Masha Allah, ya sallame ni, na fito ina jin kaina kamar na ci jarrabawa.

Washegari bayan sallar azahar, a cikin masallaci, Malam ya miƙe ya kama hannun Baba a gaban jama'a, ya yi masa barka da tuba, ya roƙa masa tabbata. Mutane suka taso ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu. Baba ya waiwaya ya neme ni a cikin sahu, ya dube ni sau ɗaya. Me zai yi? Ya ce ɗana maƙaryaci ne, a gaban surukinsa, a ɗakin Allah, saura wata guda aure? Wane uba ne zai iya? Ya ce amin, na gode. Da muka koma gida ya karɓi wuƙa wurin Inna, ya zauna a inda kika fara ganinsa, ya ɗora kalangun a cinya, ya bi tsarkiyoyin fatar nan yana yankewa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tsinke da 'yar ƙara. Da ya zage ni, da ya mare ni, da na ji sauƙi. Abin da ya ce kawai, tun watan jiya ya sa sabon tantani saboda bikina, amma ba komai. Shekara arba'in yana kaɗa wa 'ya'yan mutane, ya zo kan nasa ɗan, ɗan ya sa ya yanke da hannunsa.

Labari ya iso ki kafin ni, don ban sami ƙarfin halin zuwa da kaina ba. Saƙon da kika ba Maijidda ta kawo mini shi ba ragi. Ta ce kin ce ba ki fasa aure ba, ba za ki kunyata mahaifinki ba, za ki zo. Amma kin roƙi gwaggonninki kada a yi kiɗan ƙwarya, kada a yi waƙar kamu, kada ko mace ɗaya ta rangaɗa guɗa, tunda an hana uwarki rakiya kowa ma ya yi shiru. Ya Barakatu! Da kin ce kin fasa, da na san irin kukan da zan yi. Amma ki shigo gidana shiru, a zaunar da ke bakin gado kamar an kawo saƙo, ki dube ni kullum safiya ki ga mutumin da ya binne miki uwa karo na biyu? Ina zan kai wannan? Wane abinci ne zai wuce mini maƙogwaro a gidan da aka fara da irin wannan shiru?

Ranar Alhamis, yau kwana goma sha biyu, na kasa jurewa. Na koma zauren mahaifinki, na ƙi hawa tabarma, na zauna a ƙasa, na ce masa ƙarya na yi, Baba bai taɓa cewa ya tuba ba, ni ne na ji kunyar sana'ar ubana. Na shirya ya kore ni. Na shirya ya ce ba zai ba maƙaryaci 'yarsa ba, kuma da ya faɗi haka da bai zalunce ni ba. Sai na ga ya rufe littafin da ke gabansa, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

Yanzu ki nutsu, ya sanyin raina, don na tabbata abin da zan rubuta ba ki taɓa ji ba. Malam ya ce da ni: "Wannan taken ni na sa aka yi shi. Ina saurayi, ba gemu ba littafi, na yi wa ubanka noma kwana uku don ya tsara wa Shatu abin da babu wata mai irinsa. Shekara goma sha shida ina so in ƙara ji, bakina ya yi nauyi. Tambayar da na yi maka ƙofa na buɗe, kai kuma ka rufe."

Ya ce shi a fahimtarsa bai ga laifi ba a yi wa amarya kiɗa da rana, mata na ciki maza na waje, ba cakuɗa ba alfasha. Niyyarsa ranar ya zauna a zaure da littafi a buɗe, ya yi kamar bai ji ba. Da na ce masa Baba ya tuba, sai ya ga ba shi da ikon ya ja mutum baya daga tuba saboda son zuciyarsa, ya haɗiye, ya je ya yi masa barka. Baba kuwa, da ya san wa ya sa aka yi taken, ya ɗauka Malam ne yake gaya masa a sakaye cewa a bar tuna baya. Kin ga abin da na yi? Dattawa biyu, kowa yana ɗauke da abu guda a zuciya, na shiga tsakaninsu da ƙarya ɗaya na raba su da shi. Babu wanda ya hana, Barakatu. Ba hukuma ba, ba malamai ba, ba mahaifinki ba. Ni ne.

Malam da kansa ya taka har gidanmu. Suka zauna a zaure su biyu tun la'asar, har na ji suna dariya. Amma Baba ya ƙi. Ya ce ya san ƙarya ce ta ɗauko shi, sai dai shi da bakinsa ya ce amin a ɗakin Allah, jama'a suka shaida, ba zai lashe ba ko don wa. Kin san taurin kansa, a wurinsa na gada. Na zaga wurin makaɗa uku, babu wanda ya san taken, kowa ya ce wannan na Maliki ne. Ga rikoda a ɗakina shekara huɗu, na ɗauki wa'azi, na ɗauki labaran rediyo, har kacici-kacicin 'yan makaranta na ɗauka, ban taɓa tunanin in ɗauki hannun ubana ba.

To ga inda na tsaya. Na roƙi Baba icen kalangun, ya ce ice ne, in na so in hura wuta da shi. Na ɗaure shi a bayan keke na kai wa wani tsoho a garin Babban Mutum ya mai da masa tsarkiya. Kwana huɗu ke nan, kullum da yamma sai in shiga bayan gida wajen turken awaki, in rataya shi, in kama gula. Kada ki so ki ji! Ranar farko awakin Inna suka tsinke igiya. Yatsuna sun yi kanta, hammatata ta saɓule, Malam Zailani mai biro uku ya koma ɗan aji ɗaya yana da shekara ashirin da tara. Baba ya ce ba zai koya mini ba, ba zai taɓa ba. Amma sai ka gan shi ya kawo tabarmarsa bayan zana, wai yana tufkar igiya, duk inda na kuskure sai ya yi gyaran murya. Kwana biyun farko ya yi ta gyaran murya har Inna ta dafa masa citta. Jiya na kai rabin taken ban ji ko tari ba, sai na leƙa ta kafar zana in ga ko ya tashi. Yana nan. Ya ajiye igiyar, ya sa hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su da jikinsa don kada su motsa, idonsa a rufe. Na ajiye gula na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro.

Kin san al'ada, ranar kai amarya ango ɓuya yake yi a gidan abokinsa, ba a ganin ko inuwarsa. Ni ba zan ɓuya ba. Malam ya yarje mini in tsaya a bakin ƙofar zaure ta ciki lokacin da za a fito da ke, kafin magariba. Musaddiq ya ce na haukace, ba a taɓa jin angon da ya kaɗa wa kansa ba, 'yan ajina za su gani, har in mutu sunana maroƙi. Na ce masa sunan ubana ne, na daɗe ina gudunsa, na gaji. Lasifiku da mandiri da sauran shawarwari duk na ce a ajiye. Kiɗa ɗaya za a yi a bikin nan, kuma hannun da ya ɓata shi ne zai yi.

Amma ga matsalata, ya farin cikin raina, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Rabi kawai na iya. Akwai wani juyi a ƙarshe, inda kiɗan ke sauka kamar mai sauke tulu daga ka, na yi na yi ya ƙi. Duk lokacin da na iso wurin sai Baba ya yi gyaran murya, in sake, ya sake, kuma ba zai buɗe baki ya ce ga yadda yake ba. Inna ta manta. Malam ya ce shi da zuciya yake jinsa, ba zai iya fitar da shi ba. A duk duniyar nan, bayan Baba, ke kaɗai kika riƙe wannan ƙarshen. Maijidda ta tsegunta mini, kada ki yi mata faɗa, cewa in kina daka kika ga babu kowa a tsakar gida, da taɓarya kike buga shi a turmi tun daga farko har ƙarshe.

Ba na roƙon ki yafe mini yanzu, ban kai nan ba. Ba na roƙon ki fito, ko ki amsa sallamata, ko ki rubuto mini ko harafi ɗaya. Gobe Laraba bayan la'asar zan zo in tsaya a bayan katangarku ta gabas, inda ba mai ganina. Idan akwai sauran ɗigon tausayina a zuciyarki, ko ba don ni ba, don tsohon da ke zaune a kan hannayensa, don wanda zai buɗe littafi a zaure ya kasa karanta ko layi ɗaya, don ita da ke kwance tana jiran ta raka 'yarta, ki jawo turmi kusa da katanga ki daka gero. Ki yi a hankali, kin san ɗalibin naki daƙiƙi ne. Zan zo gobe, zan zo jibi, zan zo kowace la'asar har ranar.

Idan kuwa turmi ya yi shiru, ba zan ga laifinki ba. Ranar zan tsaya inda na ce, in kaɗa miki rabin da na iya, in dakata daidai inda sanina ya ƙare, a fita da ke da rabin rakiya, kowa ya ji da kunnensa girman abin da na raba ki da shi. Sauran rabin kuma in ɗauke shi a wuyana, in yi ta nema a wurinki a hankali, shekara ɗaya ko talatin, ba zan gaji ba, ba zan kalli wata ba, ba zan ƙara jin kunyar abin da ya kamata in yi alfahari da shi ba. Allah shi ne shaidata, wannan karon da gaskiya na ambaci sunansa.

Naki a yau da gobe, cikin guɗa ko cikin shiru, har ranar da za a miƙe ni a makwancina,

Zailani, ɗan Maliki Mai Kalangu.